Sabuwar waya zan saya ko kyamara, don hoton faɗuwar rana?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a unguwar Zango, Damagaram. Na tara jika 150. Ina ɗaukar duwatsun Birni da yamma, amma hotuna na fitowa fari-fari. In sayi waya mai megafiksel 108 (ma'aunin yawan ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto), ko kyamara ta hannu?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Zargina ya fi karkata ga lokacin da kake fita. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri, shuɗin ciki ya watse, ja da rawaya su iso. Shi ne ke sa dutse da ginin ƙasa su yi jawur, inuwa ta miƙe. Mu nan Damagaram rana kusan a tsaye take faɗuwa, saboda haka wannan haske bai fi minti 30 zuwa 40 ba. A watan Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6. Ka isa tun la'asar sakaliya, ka gama kafin kiran magariba.

Wayar kuma tana ɗaukan jan haske a matsayin aibi, sai ta wanke shi. Shiga saitin launi ka zaɓi alamar gajimare, ka taɓa sararin sama a allon, ka rage haske kaɗan. Kada ka jawo hoto da yatsa, taka ka matsa kusa.

Yawan megafiksel ba ya ƙara haske. Abin da zan so ka fara saya shi ne matokari mai ƙafa uku, domin haske na raguwa, rawar hannu na ɓata hoto. In kana son tsuntsaye a tafkin Gidimuni, balbela ko shamuwa da damina, nan kam kyamarar Canon ko Nikon ta hannu mai dogon gilashi ta cancanci kuɗin. Ka gwada ta gaban mai sayarwa: ɗauki farin bango ka duba ɗigo, ka tabbatar ana samun batirinta.

Tambaya daga wata: Da hunturu hazo na rufe rana. In haƙura sai damina?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Hazo na mayar da rana jan faifai, kuma lokacin ne gawo ke da ganye. Sa shi tsakaninki da rana. Ƙura dai ki kiyaye: hure gilashin kafin ki goge, da ƙyalle mai laushi, ban da bakin mayafi.