Amsa: masu denge nawa ne cikin masu zazzaɓi a biranen ƙasashe masu zafi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko denge, cutar zazzaɓi da wani irin sauro ke yaɗawa, na da yawa cikin masu zuwa asibiti da zazzaɓi a manyan birane. Yana da yawa, ya ma fi abin da ake rubutawa a rajista. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 100 zuwa 400 ke kamuwa duk shekara, akasarinsu ba sa ma jin komai. Adadin kan hau da damina da lokacin ɓarkewa, ya sauka da rani.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gwaji. Kwana ukun farko da wuya a bambance shi da maleriya ko taifod: jiki rau, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka. Sai a rubuta maganin maleriya a sallami majiyyacin. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai, ba hujja ba ce cewa babu denge, mutum kan kamu da biyun tare. Abin lura shi ne ciwo a bayan ido, ƙuraje ja a fata, da raguwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini.

Kowane gwaji da lokacinsa. NS1 ko PCR, gwaje-gwajen da ke neman alamar ƙwayar cutar kanta a jini, cikin kwana 5 na farko. Daga nan sai IgM, gwajin garkuwar da jiki ke fara samarwa bayan kamuwa. Shi kuwa IgG, gwajin garkuwar da ke daɗewa a jini, tsohon kamuwa yakan nuna, kuma allurar rigakafin cutar shawara na iya rikita shi.

Don Allah a kula da wannan: haɗarin yana zuwa ne sa'ad da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7. Cikin awa 24 zuwa 48 ruwan jini kan tsiyaye daga jijiyoyi, alhali 'yan gida na murna an samu sauƙi. Matsanancin ciwon ciki, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, sanyin hannu da ƙafa, duk na garzayawa asibiti ne nan take. Wanda ya taɓa yi ya fi shiga haɗari a karo na biyu, domin ƙwayar iri 4 ce.

A gida, farasitamol kaɗai, da shan ruwa sosai. Ban da asfirin, ibuprofen da diklofenak, suna jawo zubar jini.

Sauron denge da rana yake cizo, gidan sauro na dare bai wadatar ba. Yana ƙyanƙyasa a tsohuwar taya, tukunyar fure da tankin da ba murfi. A zubar da ruwan duk mako, a goge bangon mazubin da burushi, don ƙwan yakan manne ya yi watanni a bushe bai mutu ba.