Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan Shari'a da bangaskiya

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, amma na bari sai da na samu natsuwa, domin ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce abokan aikinka Musulmi suna ce maka Kirista ba su da shari'a, tunda mun ce ta wurin bangaskiya ake samun ceto. A ikilisiya kuma kana jin ana tsananta maganar zakka da sutura da abinci kamar su ne ƙofar Mulkin Sama, har ka rasa inda za ka tsaya. Ka kuma haɗa da batun naman layya da maƙwabta suke aiko muku.

A nan Damagaram aka haife ni, kuma na haura shekara 20 ina cikin dattawan ikilisiyarmu, saboda haka na sha jin wannan tambaya. Gardamar ta girme mu duka. A Ayyukan Manzanni sura 15, wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, waɗansu masu bi daga Yahudiya suka ce ba ceto ga wanda ba a yi masa kaciya bisa al'adar Musa ba. Manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, Bitrus ya ce kada a ɗora wa almajirai karkiyar da su kansu da kakanninsu suka kasa ɗauka. Sai dai ka lura, ba su sallami Al'ummai, wato masu bin da ba Yahudawa ba, hannu sake ba: sun hana su abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci.

Hoton da ya fi taimakona shi ne na Galatiyawa 3:24. Kalmar da Bulus ya siffanta Shari'a da ita a Helenanci tana nufin baran gida wanda ake damƙa wa yaro ya raka shi makaranta, ya tsare shi a hanya, ya kwaɓe shi in ya kauce. Duk wanda ya tashi a unguwar Birni ko Zango ya san irin wannan, yayan da ake ce masa ya kai ƙanensa wurin malam kada ya tsaya wasa. Ɗan rakiyar ba mugu ba ne, amma ba shi ne malamin ba, kuma aikinsa yana ƙarewa a bakin zaure. Haka Shari'ar Musa ta rako mu wurin Almasihu. Shi kuwa da muka iso wurinsa, bai sassauta ba. Ya ce bai zo ya shafe Attaura ba sai dai ya cika ta, sa'an nan a cikin Matiyu sura 5 ɗin ya ɗauki dokar kisa ya kai ta ga fushi, ya ɗauki ta zina ya kai ta ga kallo. Wanda ya ce wannan hanya ta fi sauƙi, ina jin bai gwada ta ba.

Bari in ba ka labarin kaina, ko da yake ba na jin daɗinsa. Akwai lokacin da ba wanda ya kai ni kiyaye ƙa'ida. Ina da littafi na musamman inda nake rubuta zakkata, in jaka goma ta shigo sai na ware jaka ɗaya kafin in sayi ko da gishiri. Ba na fashin sujadar Lahadi, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ina lissafin waɗanda suka makara. A daidai wannan lokacin shekara shida muka yi ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba mu ga maciji, a kan gonar gado. In na hango shi a Kasuwar Dole sai in sake hanya. Wata Lahadi aka ba ni karatun nassi, ya faɗo a kan Matiyu 5:23 da 24, inda aka ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Na karanta da bakina gaban jama'a, kuɗin zakkata suna cikin aljihu. Na san ayar tun ina yaro, na ma taɓa koyar da ita. Abin da na gane ranar shi ne dokokin da nake kiyayewa ni na zaɓe su, kuma na zaɓi waɗanda ake iya ƙirgawa ake iya gani, irin abin da Yesu ya zargi Farisiyawa da shi a Matiyu 23:23, masu fitar da zakkar na'ana'a su bar gaskiya da jinƙai da aminci. Sanin dokar ya nuna mini laifina sarai, amma bai ba ni ƙafar zuwa gidan ƙanena ba. Sai da na yi mako uku ina fama da addu'a, ina tuna irin bashin da aka yafe mini ba da cancantata ba, kafin na iya yin sallama a ƙofarsa. Gonar ma daga baya shi na bar wa.

Saboda haka ban ga saɓani tsakanin Bulus da Yakubu ba. Afisawa 2:8 zuwa 10 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, nan take kuma ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Yakubu 2:26 ta ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce. Bulus yana magana da mai son sayen ceto, Yakubu da mai da'awar bangaskiya a fatar baki. A kan wannan batu aka yi babbar rabuwar ikilisiya a Turai bayan Martin Luta ya ɗaga muryarsa a 1517, sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Lutaran, wato mabiya koyarwar Luta, suka sa hannu kan sanarwar da ta ce alheri ne yake ceto, Ruhu Mai Tsarki kuma shi yake kai mai bi ga kyawawan ayyuka.

Game da dokokin ikilisiya, ka riƙa bambanta umarnin Allah da tsarin gida. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara aiki a nan Zinder a 1924 sun zo da Bishara, sun kuma zo da tarbiyyarsu, kamar hana shan taba da rawa. Da yawa cikin waɗannan sun amfane mu, ni ma ba na son ganin ɗana da sigari. Ka girmama su, ka bi fastonka cikin ladabi, amma kada ka yarda a ce maka da su za ka shiga Sama.

Naman layya kuwa, ni ina karɓa, in yi godiya, in ci, a Kirsimeti kuma in aika musu shinkafa da nama. Maƙwabcina bai yanka wa gunki ba, kuma naman da muke saye kullum wurin mahauta hannun Musulmi ne ya yanka shi. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 10:25 a ci abin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da bincike ba. Amma akwai ƴan'uwa a cikinmu da lamirinsu bai yarda ba, kuma Romawa sura 14 ta hana ni raina su, ta hana su hukunta ni. In irin wannan ɗan'uwa ya sauka gidana, ba na sa masa naman a gaba.

Abokan aikinka kada ka yi musu da su, ka faɗa musu da ladabi cewa muna da Dokoki Goma da umarnin Almasihu, kuma muna kiyaye su ne domin an riga an karɓe mu. Kafin ka koma wurinsu, ka karanta Galatiyawa a zama ɗaya, sura shida ce kawai, washegari ka karanta Yakubu, sura biyar. In wata aya ta tsaya maka, ka kawo ta nan mu duba tare.