Ƙwayar da Babu Maganin Ciwo a Cikinta

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta daɗe tana shan tiramol saboda ciwon baya. Ƙanena ya musanya mata da bitamin a ɓoye, ta ce ta ji sauƙi. Dama ciwon na ƙarya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Wannan shi ake kira filasibo: mutum ya sa rai da magani, jikinsa ya amsa. A 1978 wani mai bincike, Jon Levine, da abokan aikinsa a San Francisco ta Amurka suka gwada shi kan waɗanda aka cire wa haƙori. Wasu ciwonsu ya lafa da allurar da babu magani cikinta. Da aka yi musu naloxone, mai toshe aikin sinadaran rage zafi da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, sai zogin ya ƙaru. Wato sauƙin da suka ji na gaske ne, daga waɗannan sinadaran ya fito.

Amma musanyar nan ta dame ni ƙwarai. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in aka yanke masa rana ɗaya, yakan kwana yana gumi, ga hamma, ga ciwon gaɓoɓi da gudawa. Ku faɗa mata gaskiya, ku kai ta asibiti a duba bayan, a rage mata ƙwayar sannu a hankali.