Amsa ga ƙanena kan tallafin karatu a Amurka

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan cikin mako guda, wai in nemo wa yaronka "kuɗin FAFSA" tunda ka ji gwamnatin Amurka na biya wa ɗalibai. To, FAFSA fom ne kawai na neman tallafi, kuma wanda ya shigo da bizar karatu ta F-1 ba ya cikin lissafin tallafin gwamnatin tarayya. Na ɗan ƙasa ne da mai girin kad, sai wasu 'yan rukunoni. Jami'o'in zai roƙa kai tsaye.

Mu da muka cancanta ma ba mu tsira ba. A 2022 kasuwar hannun jari ta faɗi, sai na ga dama ta samu: na kwashe dala 40,000 daga asusun ritayata na IRA na mayar Roth IRA, wato asusun ritayar da ake biyan harajinsa tun farko ba lokacin cirewa ba, in biya haraji yanzu da araha, in huta da tsufa. Har yaba wa kaina nake.

Ashe rami na haƙa. Kuɗin da ke kwance a asusun ritaya FAFSA ba ta ƙirga su, amma ranar da ka juya su zuwa Roth, sun zama kuɗin shiga a takardar harajinka. Su kuwa harajin shekara biyu baya suke dubawa. 'Yata ta shiga jami'a a 2024, aka ɗauko na 2022, sai ga ni na fito attajiri, alhali ko sisi bai shiga aljihuna ba. Kuɗin shigar iyaye ana iya lissafa har kashi 47 cikin ɗari na wani kaso nasa a matsayin abin da za su iya biya, ajiyar banki kuwa ba ta wuce kashi 5.64 cikin ɗari. Pell Grant, tallafin gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda ƙololuwarsa dala 7,395 ce a shekarar, ko ƙamshinsa ba mu ji ba.

Ofishin tallafi na jami'a na da ikon sake duba irin wannan. Na kai takardu, na yi sintiri wata biyu bayan aikin dare, suka rage kaɗan kamar sadaka. Wannan ya fi asarar ƙona mini rai. Da na jira Janairun shekararta ta biyu a jami'a kafin in juya kuɗin, da babu fom ɗin da zai gan su.

Ta kusa gamawa dai, da gumina, ba bashin kowa. Turo mini sakamakon WAEC ɗin yaron, ka kuma gaya mini tsakani da Allah nawa za ka iya biya a shekara.