Amsa ga mai tambaya kan duwatsun bakin teku a Elmina

Ɗan'uwa, ka ce za ka raka kawu Gana, kana tambaya ko duwatsun bakin tekun Elmina wurin zama ne a yi kallon halittu. Eh, amma fa ka cire dam ɗin Ajiwa daga ranka. Mu Katsinawa mun saba da ruwan da ke kwance inda aka bar shi, shi kuwa teku sau biyu yake cika ya janye a kwana guda, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ya fi janyewa sosai a tsayuwar wata da daren sha huɗu, don haka duba kwanan watan Musulunci kafin ka fita.

Idan ya janye sai ka ga ruwa ya maƙale a ramukan dutse kamar an zuba a ƙwarya. Tsuguna ka yi shiru. Ƙananan kifaye za su fito, ga kaguwa tana gudu a karkace, ga ƙananan dodon koɗi manne da dutse, ko da farce ba ka ɓamɓare su. Akwai wata baƙar aba mai ƙaya kamar bushiya, kada ka kuskura ka taka ta, ƙayar karyewa take a cikin nama.

Gansakuka ce ta kayar da ni, ina sanye da silifas, na kwana biyu ina ɗingishi. Sa takalmi mai kama ƙasa, kuma kada ka juya wa igiyar ruwa baya ko don ɗaukar hoto.

Babban gidan da Turawan Fotugal suka gina a Elmina a 1482, wanda daga baya ya zama kurkukun bayi, a kan dutsen yake, ka leƙa. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, wurin ya fi shiru.