Tambaya da Amsa: Na kashe sabuntawar Windows don gudun leƙen asiri, na yi daidai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da hoto-kwafi kusa da jami'a, da kwamfutoci uku, biyu masu Windows 10, ɗaya mai Windows 7. Shekara biyu ke nan yaron da ke yi mini gyara ya kashe musu sabuntawa gaba ɗaya. Ya ce duk yaudara ce, ta nan Microsoft ke kwashe abin da ke cikin kwamfutar mutum, kuma da gangan suke nauyaya tsohuwa don a sayi sabuwa. Ni ma na huta da cin data. To sai ga wani ɗalibi ya ce mini ina wasa da wuta. Wa zan bi?
Mai shago, Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗalibin za ka bi. Amma kada ka sallami yaron, domin zargin nasa ba daga sama ya faɗo ba, kuma ni kaina ban yarda da waɗannan kamfanoni ba ko na anini.

A 2013 Edward Snowden ya fallasa wani shirin hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, mai suna PRISM, wanda ta hanyarsa take karɓar bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet. A takardun da suka fito, Microsoft ne na farko a jerin, tun 2007. Kamfanonin sun ce ba sa miƙa komai sai da umarnin kotu, wanda ya yarda ya yarda. A 2016 kuma, lokacin da Microsoft ke neman kowa ya koma Windows 10 ko ta halin ƙaƙa, sai da ta kai in sanarwar ta fito ka danna jan alamar rufewa, to a wurinsu ka amince ke nan. Wata 'yar kasuwa a Kalifoniya ta kai su ƙara a kan kwamfutarta da ta lalace, aka biya ta dala 10,000. Maganar nauyaya tsohuwar na'ura ma ta taɓa tabbata, sai dai a gidan Apple: a Disambar 2017 sun amsa cewa sabuntawarsu tana rage saurin tsofaffin iPhone, suka ce don kada wayar ta riƙa mutuwa ne in batir ya tsufa. Faransa ta ci su tarar Yuro miliyan 25 saboda ba su faɗa wa masu wayoyin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle.

Inda yaronka ya kuskure shi ne ya ɗauka ƙofa ɗaya ce. Biyu ne. Hanyar da Windows ke aika wa Microsoft rahoton yadda kake amfani da kwamfuta daban take, kuma kashe sabuntawa bai taɓa ta ba. Duk ranar da ka jona intanet a kwamfutocin nan biyu masu Windows 10, rahoton yana tafiya abinsa. Abin da ya daina zuwa shi ne gyara. Wato kana zaune a gidan haya, mai gidan yana da leƙe-leƙe, kai kuma don haushinsa ka kori kafintan da ya aiko ya gyara maka sakata. Mai gida na nan yana leƙensa ta taga, ƙofa kuma ta kwana a buɗe.

Bari in faɗi abin da ke cikin wannan gyara. Windows rubutu ne na umarni, layuka miliyoyi, mutane ne suka rubuta shi, kuma duk inda hannu ya yi yawa sai an sami kuskure. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa. Wani kuma tsaga ce da ɗan kutse zai bi ya shiga ba tare da ka danna komai ba. Tun 2003, kowace Talata ta biyu a wata Microsoft ke fitar da facin tsagogin da aka gano. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, ranar da faci ya fito, ranar ce ɓarayi ke sanin inda ramin yake, domin suna ɗaukar facin su kwatanta da abin da ke akwai a da, su ga wurin da aka ɗinke. Daga nan sai su bazama neman waɗanda ba su saka ba. Kai yanzu kana ɗauke da tarin tsagogi na wata ashirin da huɗu, kowace an riga an yi shelarta a duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, naka bangon kuwa har taswirar tsagoginsa an buga.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2017. A watan Maris Microsoft ta fitar da facin wata tsaga. Ranar 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan tsagar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar majinyata zuwa wasu wurare. Wanda ya saka facin Maris bai san ana yi ba. Wani abin haushi a labarin: makamin da aka yi amfani da shi, NSA ce ta ƙera shi ta ɓoye don aikinta, aka sace daga hannunta aka watsa. Ka ga dai ba wanda ya fita da hannu mai tsabta, amma talakan da bai yi faci ba shi ya kwana a ciki.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, a shagon wani abokina a nan Kano, mai sana'a irin taka. Lokacin kammala karatu ne, ɗalibai sun cika benci, kowa da aikinsa na ƙarshe a kwamfutar shagon ana gyara masa shafi. Yaronsa ya sauko da wata manhajar zane ta sata, ita kuma ta ce sai an kashe rigakafin kwamfutar kafin ta zauna, ya kashe. Da safe duk takardu sun ƙi buɗewa, sunayensu sun sami wata jela a ƙarshe, ga wata 'yar wasiƙa a kowace jaka: a biya dala 980, in an biya cikin kwana uku a rage rabi. Na iske wata yarinya a bakin shagon riƙe da filas ɗinta tana kuka, domin ta bar shi a jiki ya kwana, shi ma an kulle. Babi biyar, ranar Litinin za ta miƙa. Ba abin da na iya yi mata. Na kawo wannan ne domin Defender, rigakafin da ke zuwa tare da Windows 10, ta wannan hanyar sabuntawa da aka toshe maka yake karɓar sunayen sababbin ƙwayoyin cuta. Mai gadi ne da aka hana shi jin labarin gari shekara biyu.

Yanzu ga abin yi, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Mai Windows 7 ɗin nan, Microsoft ta daina yi mata faci tun 14 ga Janairun 2020. Ko ka kunna sabuntawa ba abin da zai zo. Cire ta daga intanet kwata-kwata, ta zama ta buga rubutu da fitar da takarda kawai. Windows 10 ma an rufe mata littafi ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai an buɗe wata ƙofar alfarma ta ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026: ko ka biya dala 30, ko ka ɗaura kwamfutar da asusun Microsoft ka bar su su ajiye saitinka a wurinsu, su ba ka kyauta. Dubi farashin "kyautar" da kyau, za ka ƙara ba yaronka gaskiya. Duk da haka ka fara kunna Windows Update ka bar kwamfutocin biyu su sha duk abin da suka rasa, sannan ka shiga wannan tsari. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, kuma da yawa daga cikin 'yan Beljiyam ɗin da muke saye a titin Beirut ba su cika sharaɗin ba. In taka ba ta cika ba, akwai Linux Mint, wata manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ce, tana samun faci, ba ta kai rahotonka wurin kowa. Amma kada in ruɗe ka: CorelDraw ba ya zama a kanta yadda ka saba, Word ɗin ma wani ne mai kama da shi, yakan ɗan gurɓata tsarin shafi. Gwada a kwamfuta ɗaya tukuna, ka ga ko za ta gane firintarka.

Maganar data da tsayar da aiki na san zafinta. Ba abin da ya kai a kawo wuta, kwastoma na tsaye da takardar JAMB, kwamfuta ta ce kada a kashe ta tana kashi 30 cikin ɗari. Akwai wurin da za ka nuna mata cewa datarka ta awo ce, sai ta rage kwasa, da wurin da za ka faɗa mata lokutan aikinka don kada ta sake tashi a tsakiyarsu. Ka ware yammacin wata rana a wata, ka sayi datar dare, a yi a gama. Ba laifi ka jinkirta kwana uku ko huɗu bayan fitowar faci, don wani lokacin facin kansa ke zuwa da matsala. A Yulin 2024 gurɓatacciyar sabuntawar wani kamfanin tsaro, CrowdStrike, ta durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Kwana huɗu hankali ne, shekara biyu ganganci.

Leƙen kuma ka rage shi a inda yake: shiga saiti, sashen sirri, ka mayar da rahoton da ake aikawa zuwa mafi ƙanƙanta, ka kashe lambar talla da bibiyar wurin da kake. Ba zai mutu duka ba, amma zai ragu.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba. Duk shagon buga takardu da na shiga, fuskar kwamfutarsa cike take da takardun NIN na mutane, da hotunan fasfo, da sakamakon WAEC, da bayanan banki, wasu tun na shekarun baya. Duk wanda ya zauna a kujerar zai iya kwashewa a filas cikin minti ɗaya. Amana ce aka bar maka, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. A riƙa gogewa kullum kafin a rufe shago. Naka aikin kuma ka kwafe shi a wani faifai na waje duk Juma'a, ka zare, ka jefa a durowa.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Ƙanena ya saka mini GB WhatsApp, ya ce ya fi sirri domin Facebook ba sa ganin komai a cikinsa. Haka ne?
Maman yara, Gombe

AMSA: Hajiya, gudun gara ne aka faɗa wa zago. Gaskiya ne Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya sayi WhatsApp a 2014, kuma ba waliyyi ba ne: a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan. Yana sanin lambarki, da wa kike magana, da yaushe. Amma abin da ke cikin saƙon a kulle yake tun 2016, daga wayarki zuwa ta wanda kika aika wa.

Shi GB ɗin, saƙonki ta rumbun WhatsApp ɗin dai yake bi, don haka ba ki ɓuya wa Meta ba. Abin da kika ƙara shi ne wani mutum na uku da ba wanda ya san sunansa ko ƙasarsa, wanda ya farke manhajar ya ɗinke yadda ya ga dama, kika kuma ba shi izinin shiga hotunanki da lambobinki da makirufo. Meta in ya yi ba daidai ba akwai inda za a kai shi ƙara. Wannan fa? Ga shi facin tsaro ba ya isowa sai ranar da ya ga dama. A 2019 an yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus an shiga wayoyin mutum kusan 1,400 ta kiran WhatsApp kawai, ko ba su ɗaga ba, kuma sabuntawa ce ta toshe wannan ramin. Sannan WhatsApp na rufe lambobin da ya kama suna amfani da irin su GB, ke kuwa kasuwarki kacokan a kan lambar take.

Ki koma na asali daga Play Store, ko ma WhatsApp Business tunda ciniki kike. Ki saka lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ko da sunan ƙungiyar Islamiyya ya zo, ki kashe wayar. Kafin ki goge GB ɗin, ki zauna da littafi ki kwafe duk lissafin bashin da kike bin mutane, domin sau da yawa tsofaffin hirarraki ba sa biyo mutum in ya yi wannan ƙaura.