Gadon tausa: in yi odar na naɗewa ko in ba kafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar gyaran jiki a Garwa, dilka da halawa da tausa, yawanci amare da masu jego. Shekara uku ke nan ina aiki a kan katifa a ƙasa, yanzu bayana ya fara ciwo. Na tara 'yan kuɗi zan sayi gadon tausa. Wasu sun ce in yi odar na naɗewa daga Duwala, wasu sun ce kafinta ma zai iya. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tunda ciwon baya ne ya kawo ki, da tsayin gadon zan fara, don a nan ake yawan yin asara. A aikinmu na gashin ƙashi muna da gwaji mai sauƙi: ki tsaya gefen gadon, ki saki hannuwa, ki dunƙule su. Gaɓoɓin yatsunki su taɓa saman katifar ba tare da kin sunkuya ba. In ya fi haka tsayi, kafaɗa ce za ta sha wuya. In ya gaza, kin koma gidan jiya. Yawancin na naɗewa ana iya ɗaga ƙafafunsu daga kamar santimita 60 zuwa 85, kuma wannan ne babban abin da suka fi na kafinta da shi, don mace mai jiki in ta kwanta dole ki ɗan sauke shi.

Faɗi kuma tsakanin santimita 70 zuwa 76 ya wadatar, tsawo wajen 185. In ke gajera ce kada ki wuce 70, in ba haka ba sai ki yi ta miƙa kamar mai shanya. Amma masu jego da masu ciki a gefe ake kwantar da su, saboda haka kada ki sayi siriri don neman sauƙin ɗauka.

Yanzu ga inda 'yan kasuwa ke ruɗin mutane. A jikin kwali za ki ga lambobin nauyi guda biyu. Babbar lambar ita ce nauyin da gadon ke ɗauka in an ɗora kaya an bar su shiru. Ƙaramar ita ce ta aiki, wato nauyin mai kwanciya haɗe da dannawarki da motsi. Ita za ki duba, kuma kada ta gaza kilo 200. Na taɓa sayen wani mai araha a wani shago, kyakkyawa kamar gadon amarya. Wata na huɗu, ina danna ƙugun wani dattijo, sai ji na yi ƙas, abin ɗaure ƙafar ya tsage, ashe roba ce aka shafa wa fenti. Allah ya kiyaye bai faɗi ba, amma kunyar ranar har yau ina jin ta. Tun daga nan kowane gado sai na kifa shi na duba maɗauran ƙafa, da wayoyin ƙarfe na ƙarƙashi, da hinjin tsakiya, sannan in hau in jijjiga. In ya yi ƙara a shago, a gida kuka zai yi.

Soson ya kai kaurin santimita 5 zuwa 7. Ki danna da babban yatsa; in kin ji katako, ki bar musu abinsu. Rufin kuwa, fatar roba ce iri biyu, PU da PVC: PU ya fi laushi, PVC ya fi jure mai da ruwa, kuma ke da mai kike wuni. Zafin Maris da Afrilu a Garwa, da ke haura digiri 40, da bushewar hunturu, duk suna fasa su, balle in ana goge su da ruwan jabel ko barasar asibiti. Sabulu kaɗan da ruwa sun isa. Kada ki ɗauki fari, kurkum ɗin dilka ba ya fita. Ki shimfiɗa leda da zani kafin kowa ya hau. Gado na lantarki kuwa ki manta da shi, ga tsada, ga ɗauke wuta.

To, wanne? In gida-gida kike bi, na naɗewa za ki saya, mai nauyin kilo 12 zuwa 15 da jakarsa, wanda ɗan moto zai iya ɗauka. Ƙafafun alminiyom sun fi sauƙi, kuma ba ruwansu da gara. In a ɗaki ɗaya kike karɓar mutane, kafinta ya fi miki: ki ba shi awon dunƙulen hannunki, ya yi da busasshen madaci, ya sa kushin mai kyau, ya huda gurbin fuska, ya haɗa miki da ɗan matakin hawa saboda masu jego. Kuma in odar za ki yi, kayan sai sun sha hanya daga Duwala zuwa Ngaundere kafin su iso Garwa, don haka ki yi sharaɗi da mai kawowa cewa ba za ki cika kuɗi ba sai an buɗe kwalin a gabanki kin hau kin gwada.